Firaministan da ba ya majalisa, majalisar kuma a kulle

Autan Zaure (Winnipeg): Assalamu alaikum iyaye da yayye, barkanmu da shan ruwa. Don Allah a fitar da ni daga duhu. Jiya Lahadi, 9 ga Maris 2025, 'yan Liberal na nan Kanada suka zaɓi Mark Carney shugaban jam'iyyarsu, yau kuma nake jin wai cikin makon nan za a rantsar da shi firaminista. Mutumin nan bai taɓa tsayawa takara ba, ba shi da kujera a majalisa, ita majalisar ma tun Janairu take a rufe. To wa ya zaɓe shi?

Baban Ummi (Calgary): Wa alaikumus salam. Auta, tambayarka ita ce tambayar duk mai hankali. Babu wanda ya zaɓe shi sai 'yan jam'iyyarsu, kimanin mutum 150,000 a ƙasa mai mutum miliyan 41. Firaminista Justin Trudeau ya san ranar da majalisa ta dawo daga hutun ƙarshen shekara gwamnatinsa ta mutu, don Jagmeet Singh, shugaban jam'iyyar NDP, ya faɗa da bakinsa a Disamba cewa zai kayar da ita. Shi ne ranar 6 ga Janairu ya nemi Gwamna Janar Mary Simon ta dakatar da zama har 24 ga Maris, don jam'iyyarsa ta samu sararin canza riga. Trump ya lafta mana harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayanmu, wakilan da muka zaɓa suna gida suna kallon talabijin kamar mu.

Maman Sadiq (Brampton): Baban Ummi da azumi a bakinka? Ita Danielle Smith taku ta Alberta, a Oktoban 2022 da aka rantsar da ita firimiya, tana da kujera a majalisar Edmonton? Sai da wata 'yar majalisa ta sauka ta bar mata mazaɓa aka yi zaɓen cike gurbi a Nuwamba. Ban ji ka ce uffan ba a lokacin, har hotonta ka turo mana nan.

Baban Ummi (Calgary): Hajiya jiha daban, tarayya daban.

Maman Sadiq (Brampton): Tsarin ɗaya ne, kai ma ka sani.

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): Auta bari in amsa maka kafin su cinye tambayar. A nan ba a zaɓen firaminista. Kowa yana zaɓen ɗan majalisar mazaɓarsa ne, su 338 a majalisar da aka zaɓa a 2021. Gwamna Janar ita ke naɗa firaminista, kuma tana naɗa wanda ake ganin majalisa ba za ta kayar da shi ba. Abin da zai ba ka mamaki, in ka karanta dokar tsarin mulki ta 1867 daga farko har ƙarshe ba za ka ga inda aka ambaci kujerar firaminista ba. A takarda, iko na Sarki ne, Gwamna Janar na riƙe masa. Sauran duk al'ada ce aka gada daga Ingila: cewa Gwamna Janar za ta bi shawarar firaminista, cewa gwamnatin da aka kaɗa wa ƙuri'ar yankan ƙauna za ta sauka ko ta kira zaɓe, cewa wanda ba shi da kujera zai nemi kujera ba da jimawa ba. John Turner ya zama firaminista a 1984 ba shi da kujera, ya kira zaɓe, Mulroney na Conservative ya yi masa kaca-kaca. Carney bai karya komai ba tukuna. In ya zauna wata da watanni bai fuskanci majalisa ko jama'a ba, a nan ne za a ce ya karya.

Autan Zaure (Winnipeg): To Yaya in ya karya wa zai kama shi? Kotu?

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): Ga inda gizo ke saƙar. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce al'adun nan na gaske ne, ɓangare ne na tsarin mulki, amma ba aikin alƙali ba ne ya tilasta a bi su. Masu hukunta wanda ya karya su ne majalisa da masu ƙuri'a. Ko makon jiya ma Kotun Tarayya ta yi watsi da ƙarar da wasu mutum biyu suka shigar kan rufe majalisar nan. Sun kafa hujja da abin da ya faru a Birtaniya a 2019, inda Kotun Ƙoli ta soke rufewar da Boris Johnson ya yi. Alƙali Paul Crampton ya yarda kotu na da hurumin dubawa, amma ya ce ba su nuna cewa Trudeau ya wuce iyakar ikonsa ba.

Baban Ummi (Calgary): Wato kowa ya ga dama ya kulle majalisa ya sa mukulli a aljihu.

Maman Sadiq (Brampton): Wa ya koya musu? Ka tambayi Harper, tsohon firaministanku na Conservative.

Baba Malam (Ottawa): Salamu alaikum. Yanzu na dawo daga tarawihi na tarar da saƙonni sun taru. Ku ba tsoho wuri ya yi magana, don 2008 a gabana aka yi, ina garin nan.

An yi zaɓe a Oktoban 2008. Harper ya samu kujera 143 cikin 308, bai kai rinjaye ba. Liberal 77, Bloc ta masu son Quebec ta ɓalle 49, NDP 37. Ƙarshen Nuwamba ministan kuɗinsa Jim Flaherty ya kawo bayanin tattalin arziki, duniya na cikin ruɗanin bankuna, amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne za a soke tallafin da gwamnati ke ba jam'iyyu a kan kowace ƙuri'a da suka samu, wajen dala biyu ba kaɗan. Conservative suna da masu ba su gudummawa, sauran kuwa da wannan kuɗin suke numfashi. Sai Stéphane Dion na Liberal da Jack Layton na NDP suka sa hannu a kan gwamnatin haɗin gwiwa ranar 1 ga Disamba, Gilles Duceppe na Bloc ya ce ba zai shiga gwamnati ba amma zai mara musu baya. In ka haɗa kujerunsu sun fi na Harper nesa ba kusa ba. A tsarin nan halal ne tsantsa.

Me Harper ya yi? Ya ɗage ranar ƙuri'ar, ya fito yana cewa ana so a ƙwace mulki ta bayan gida tare da masu son ɓalle ƙasa. Ranar 4 ga Disamba ya tafi Rideau Hall wajen Gwamna Janar Michaëlle Jean neman a rufe majalisa. Ta riƙe shi fiye da awa biyu, mu muna gaban talabijin muna kallon ƙofa, daga ƙarshe ta ba shi. Kafin majalisa ta dawo ranar 26 ga Janairu, Liberal sun sauke Dion sun ɗora Ignatieff, ba da jimawa ba ƙawancen ya watse.

Abin da nake so yaran nan su riƙe: shi wannan Harper ɗin, a Satumban 2004 yana jagoran adawa, ya haɗu da Layton da Duceppe ɗin nan dai suka rubuta wa Gwamna Janar Adrienne Clarkson takarda, cewa in Firaminista Paul Martin ya zo neman a rushe majalisa ta tuntuɓe su tukuna, don su ne masu rinjaye. Shi kuma Trudeau a alkawuran yaƙin zaɓensa na 2015 ya rubuta cewa ba zai yi amfani da rufe majalisa don guje wa matsin siyasa ba. Ya yi a Agustan 2020 kwamitoci na tsakiyar binciken badaƙalar WE Charity, ya sake yi bana. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Baban Ummi (Calgary): Allah ya ƙara girma Baba. Amma da bambanci. Harper makonni bakwai kacal da cin zaɓe, mutane sun ba shi kujeru fiye da kowa. Dion kuwa ya kai Liberal ƙasa, har ya riga ya ce zai sauka. Wanda jama'a suka ƙi shi ne zai zama firaminista? Trudeau kuma shekara tara yana kan mulki, ministar kuɗinsa Chrystia Freeland ta ajiye aiki a ranar da za ta karanta bayanin tattalin arziki, 'yan majalisarsa na neman ya tafi.

Baba Malam (Ottawa): Ɗana, "wanda ya fi kowa kujeru shi ke mulki" ba ƙa'idar ƙasar nan ba ce, ku ne kuke so ta zama. A zaɓen 1925 Arthur Meighen na Conservative ya fi Mackenzie King kujeru, King ya ci gaba da mulki da goyon bayan 'yan Progressive. A Ontario 1985 Frank Miller na da 52, David Peterson 48, Bob Rae ya ɗauki 25 ɗinsa ya kai wa Peterson, mulkin Conservative na shekara 42 ya ƙare. A British Columbia 2017 Christy Clark na da 43, John Horgan 41, Green 3. Aka kayar da ita, ta je wajen Laftanar Gwamna Judith Guichon ta ce a sake zaɓe, matar nan ta ƙi, ta kira Horgan. Clark ta tattara kayanta ta fita, ba ta ce an yi mata fashi ba.

Autan Zaure (Winnipeg): Ashe ana iya ƙin ba firaminista abin da ya nema. To me ya hana Mary Simon ta ƙi?

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): 1926 ta hana ta. King ɗin da Baba ya ambata, da badaƙalar kwastan ta taso masa, ya nemi Gwamna Janar Lord Byng ya rushe majalisa. Byng ya ƙi, ya kira Meighen. Gwamnatin Meighen ba ta yi mako guda ba majalisa ta kayar da ita, aka tafi zaɓe, King ya mai da yaƙin zaɓen ya zama "Bature ɗan aiken Landan ya yi mana katsalandan", ya ci. Tun daga nan babu Gwamna Janar da ya sake ƙin irin wannan buƙata a tarayya. Ga kuma wannan: ranar 6 ga Janairu Trudeau bai faɗi ƙuri'a ko ɗaya ba. Sau uku Poilievre, jagoran adawa na Conservative, ya kawo yankan ƙauna tsakanin Satumba da Disamba, sau uku yana faɗuwa. Maganar Singh a jarida ba ƙuri'a ba ce. Matar da ba zaɓenta aka yi ba, ta ce wa wanda majalisa ba ta kayar ba "a'a" saboda abin da ta karanta a labarai? Ni na fi tsoron wannan a kan rufewar.

Maman Sadiq (Brampton): Kuma a bar kukan an rufe majalisa. Wace majalisa? Tun ƙarshen Satumba 'yan Conservative suka riƙe zauren da muhawarar takardun asusun fasahar tsabtace muhalli, ɗaya ya zauna ɗaya ya miƙe, fiye da wata biyu kusan babu dokar da ta wuce.

Baban Ummi (Calgary): Saboda majalisa ta ba da umarni a miƙa takardun, gwamnati ta miƙa wasu an shafe su da baƙin tawada, wasu ta riƙe. Kakakin majalisa Greg Fergus, ɗan Liberal ne fa, shi ya yanke cewa akwai alamar an taka haƙƙin majalisa. A 2011 kan ƙin ba da takardu aka ce gwamnatin Harper ta raina majalisa, aka kayar da ita 156 da 145, kuka yi ta tafi.

Maman Sadiq (Brampton): Jama'a kuma suka mai da shi da rinjaye, kujera 166. Ka ga masu hukuncin da Lauya yake faɗi.

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): Anti wannan maganar taki ta fi duk abin da aka faɗa yau ciwo. Hukuncin karya al'ada yana hannun mai ƙuri'a. In mai ƙuri'a ya riga ya yanke cewa ɗaya ɓangaren maƙiyan ƙasa ne, ba zai hukunta nasa ba ko me ya yi. Ba sai an canza harafi ɗaya a tsarin mulki ba.

'Yar Damagaram (Montréal): Sannunku da hira. Ni duk wannan na Ottawa bai taɓa tukunyata ba. Wanda ya taɓa ni shi ne sashe na 33, wanda ke ba majalisa dama ta ce dokarta za ta yi aiki ko da ta saɓa wa wasu 'yancin da ke cikin kundin haƙƙoƙi, shekara biyar-biyar. Da can ana jin nauyin taɓa shi, Ottawa ba ta taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya. A 2019 François Legault na Quebec ya sa shi cikin Doka ta 21, wadda ta hana malamai da wasu ma'aikatan gwamnati sa alamun addini a bakin aiki, tun kafin kowa ya je kotu, ya sabunta a 2024. Na yi karatun koyarwa, ina da takardata, amma da lulluɓina ba za a ɗauke ni a lakkol ta gwamnati ba. Doug Ford na Ontario ya ɗauko shi a 2022 don hana ma'aikatan makarantu yajin aiki, ƙungiyoyin ƙwadago suka taso masa, cikin kwanaki ya janye. Mu ba mu da wannan ƙarfin. Kuma a zaɓen tarayya kowane shugaban jam'iyya sai ya riƙa taka-tsantsan da maganar, don Quebec na da kujera 78. Kotun Ƙoli dai ta yarda a Janairun 2025 za ta saurari shari'ar.

Maman Sadiq (Brampton): Allah ya kawo mafita ƙanwata. Wannan kam ba mai bakin kare kowa.

Baban Ummi (Calgary): Amin. Amma ku lura, ku na gabas kuna magana kamar rabuwar kan nan daga sama ta faɗo, ko Poilievre ne ya ƙirƙiro ta. A zaɓen 2019 Conservative sun ɗauki kujera 33 cikin 34 a Alberta, 14 cikin 14 a Saskatchewan, sun fi Liberal yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, aka wayi gari Trudeau ne firaminista. 2021 ma haka. Tsofaffin da nake aiki da su har yau ba su yafe wa babansa shirin makamashi na 1980 ba. Mutumin da yake ganin duk yadda ya kaɗa ƙuri'a Toronto da Montréal ne za su yanke, ka zo kana masa wa'azin al'adun majalisa, zai ce maka al'adun nan na masu cin moriyarsu ne.

Baba Malam (Ottawa): Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma bari in ba ku wani abu da na gani a 2005. Gwamnatin Paul Martin na rataye da zare. Belinda Stronach ta sauya sheƙa daga Conservative kwana biyu kafin ƙuri'ar kasafi, an yi zage-zage ba kaɗan ba. Duk da haka akwai ɗan Conservative, Darrel Stinson, da ke fama da ciwon daji ba zai iya zuwa ba. Ed Broadbent na NDP, wanda jam'iyyarsa ke goyon bayan kasafin, ya ce shi ma zai ƙaurace wa ƙuri'ar don kada a ci riba da rashin lafiyar mutum. Aka tashi 152 da 152, kakaki Peter Milliken ya raba gardama, ya bi al'adar kujerarsa ta barin muhawara ta ci gaba. Babu dokar da ta sa Broadbent yin haka. Ku kwatanta da Afrilun 2024, da jagoran adawa ya kira firaminista da kalmar da ke nufin taɓaɓɓe, kakaki ya ce ya janye ya ƙi janyewa yadda aka nema, aka fitar da shi, 'yan jam'iyyarsa suka bi shi waje, kafin yamma an yanka bidiyon ana neman gudummawa da shi. Shi ma Trudeau a zaman nan sai da kakaki ya ja masa kunne kan kalamansa. Yanzu ba don na gabanka kake magana a zauren ba, don wayar mutane kake yi.

Kuma ku 'yan Najeriya kada ku ɗauka wannan tsarin baƙo ne gare mu. Irinsa Ingila ta bar mana. A Mayun 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Ooni na Ife Sir Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Akintola bisa takardar da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Tambayar Lauya ce sak: takarda ko ƙuri'a? Da majalisar ta zauna a Ibadan aka yi jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar ta-ɓaci. Kotun Ƙolin Legas ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta ba Adegbenro, wanda Gwamnan ya naɗa a madadinsa, a 1963, sai majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkinta ta mai da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. Bayan zaɓen Disambar 1964 kuma Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati. Kun san abin da ya biyo baya a Janairun 1966.

Baban Ummi (Calgary): Haba Baba, Kanada ba za ta kai can ba.

Baba Malam (Ottawa): Ban ce za ta kai ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Gobe a yi zaɓe, Poilievre ya fi kowa kujeru amma bai kai rabi ba, Liberal da NDP da Bloc su haɗu su kayar da shi a jawabin buɗe majalisa, Gwamna Janar ta kira Carney. Za ka ce halal ne?

Baban Ummi (Calgary): A takarda halal ne. Amma wallahi Baba in aka yi haka Alberta ba za ta zauna lafiya ba, ni ma ba zan ce na yarda ba.

Baba Malam (Ottawa): Na gode da ba ka ɓoye ba. Hajiya, ke fa? Poilievre na mulki, ana shirin kayar da shi, ya rufe majalisa wata biyu da rabi.

Maman Sadiq (Brampton): Baba ni ma'aikaciyar jinya ce, ba alƙaliya ba. Zan fita zanga-zanga da takalmin ƙanƙara.

Autan Zaure (Winnipeg): To me zai hana a rubuta ƙa'idojin kawai kowa ya huta?

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): An gwada. A 2010, bayan Harper ya sake rufewa ana tsakiyar binciken fursunonin Afghanistan, Layton ya kawo ƙudurin cewa kada a rufe fiye da kwana bakwai sai da yardar majalisa. Ya wuce, amma ƙuduri ne, ba ya ɗaure kowa. A 2017 gwamnatin Trudeau ta sa a dokokin zaure cewa duk wanda ya rufe sai ya kawo rahoton dalilansa bayan an dawo. A 2020 sun kawo rahoton, suka ce annoba ce ta sa. In kuma so kake ka taɓa ikon Gwamna Janar kansa, sai majalisar tarayya da majalisun larduna goma duk sun yarda, abin da ba wanda ke mafarkinsa tun bayan rushewar yarjejeniyar Meech Lake a 1990. New Zealand da Birtaniya sun tattara nasu al'adun a littafin jagora na majalisar ministoci wanda kowa zai iya karantawa, aƙalla a san me ake gardama a kai.

'Yar Damagaram (Montréal): Sashe na 33 a rubuce yake, Lauya. Rubutun ne ma ya ba su dama.

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): Haka ne Anti, ba ni da amsar wannan.

Baban Ummi (Calgary): Ni dai a buɗe majalisa ranar 24 a kaɗa ƙuri'a mu gani.

Lauya Mai Jiran Gado (Ottawa): Da wuya ka ga wannan ƙuri'ar, Yaya. Shekarar kuɗin gwamnati na ƙarewa 31 ga Maris, kuma sai majalisa ta amince da kuɗin wucin gadi kafin a ci gaba da kashewa, ita ma ƙuri'ar amincewa ce. In Carney ya shiga zauren, daga benen 'yan kallo zai zauna yana gani a kayar da shi. In kuwa ya nemi a rushe majalisa kafin ranar, doka ta yarda Gwamna Janar ta sa hannu a takardun kashe kuɗi na musamman har a gama zaɓe. Ina ganin ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu za ku je rumfa.

Maman Sadiq (Brampton): Auta kai da takardar karatu ba ka da ƙuri'a, sai ka riƙe mana lissafi. Baban Ummi, tazarar maki ashirin ɗin nan da Conservative suka ba Liberal a binciken jin ra'ayi, da kake turo mana kullum a Disamba, kwana biyu ban ga ka turo ba.

Baban Ummi (Calgary): Hajiya ki bari a sha ruwa a Calgary tukuna, ku kun riga mu da awa biyu.